Allon Karrama Mama Phoebe Ya Fito da Sunan Mijinta

Hephzibah Ishaya Shekari,
Layin Rijiya, Television, Kaduna.
18 ga Maris, 2024.

Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Karrama Magabatan Unguwa,
Barnawa, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: WULAKANCIN DA AKA YI WA MAMA PHOEBE SHEKARI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni jikar Mama Phoebe ce, mace ta farko da ta zama kansila a mazaɓarmu a 1990, tana ma'aikaciyar masaƙa. Ita ta kawo mana ɗakin awon ciki. Yanzu shekarunta tamanin da shida. Ga ƙorafina:

1. Ranar Asabar, 9 ga Maris, kwamitinku ya gayyace ta bikin karrama ta. 'Yan gadi suka tare ta a ƙofa, wai kujerun rumfa na manyan baƙi ne. Awa biyu ta yi a kan benci cikin rana, Hajiya Talatu, wadda ta yi mata yawon neman ƙuri'a gida-gida a Makera, tana yi mata fifita da takardar gayyata.

2. Da aka yaye ƙyallen allon da aka kafa don karrama ta, sai ga "Ishaya Shekari", sunan marigayi mijinta. Ina girmama kakana, amma ranar zaɓe shi ne ya kulle takalmanta a akwati don kada ta fita. Ƙafa ba takalmi ta je ta tsaya, masu zaɓenta suka yi layi a bayanta, kamar yadda ake zaɓe a lokacin. Yau shi aka tafa wa.

3. Ranar 12 ga wata na kai kuka ofishinku. Sakatarenku, Malam Derrick, yana cin gyaɗa, bai ko ɗago kai ba, ya ce ai mata da miji abu ɗaya ne. Raina ya ɓaci, na fito.

Don haka ina roƙon Mai Girma Shugaba a cire wannan allo, a kafa wani da sunanta cikakke, a kuma zo gida a ba ta haƙuri tun tana iya jin magana. In kwamiti ba shi da mai cirewa, a ba mu izini a rubuce. Mama ta ce tana da guduma, kuma hannunta bai mutu ba.

Na gode da sauraro. A huta lafiya.

Taku cikin ladabi,
Hephzibah I. Shekari