Nergis da Gwajin Tausayi

Zuwa ga Yaya Rifat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwar nan, ya kare ku daga sanyin Jamus. Mu nan Edirne lafiya lau, sai dai maigida Cavit har yanzu ya ƙi barin sigari, wai ita ke riƙe da shi.

Labarin 'yata Nergis zan ba ka. Ka san ta da ɗaure fuska kamar mai shirin faɗa. To a makarantar likitancinsu an fito da gwajin auna tausayin ɗalibai: a kawo mutanen gari su yi kamar marasa lafiya ko 'yan uwansu, malamai na kallo suna ba da maki. Na ce ikon Allah, tausayi ma sai an ɗora shi a sikeli? Karon farko ta faɗi, har wani malami ya ce fuskarta kaɗai ta isa ta sa wa mutum hawan jini. Ta rantse in ta sake faɗuwa ta bar likitanci, kuma ka san ba ta magana biyu. Hankalina ya tashi sosai.

Karo na biyu aka ba ta wata dattijuwa, Saniye, aka ce Nergis ta sanar da ita wai an ga ƙari a huhun mijinta. Ashe ciwon da ya kashe mijinta na gaske ke nan. Nergis na fara bayani, kukan wasan matar ya koma na gaske. Yarinyar nan ta watsar da tambayoyin da ta haddace, ta zaro turaren lemun tsami daga aljihu, ta zuba mata a tafin hannu, ta shafa mata a goshi, tana ce mata inna yi kukanki, babu inda za ni. A haka lokaci ya ƙare.

Malamai suka rabu biyu, wasu suka ce aikin likita aka sa ta, ba na maƙwabciya ba. Sai aka waiwayi Saniye, don ita ma tana da makin da za ta bayar. Ta ce su ba yarinya abinta. Wai ranar da aka gaya mata labarin na gaske, a tsaye aka faɗa mata a bakin ƙofa, sai yau ta samu wanda ya zauna da ita. Nergis ta ci, Yaya. Likita za mu yi a gidan nan, ni kuwa alfahari ya hana ni zama wuri ɗaya.

Ka gaishe mini da matarka Belgin, da yara Orkun da Selin. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Mualla