Jarkokin Zamzam a Motar Kafilina

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Muna lafiya a unguwarmu ta Ka'akiyya, amma hankalina a tashe yake.

Kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙasar nan da sunansa, ya yi tafiya, ya bar tsohuwar motarsa ƙirar Amurka a garejina, wadda yake ji da ita kamar ransa. Ɗanka Habibu da ke wurina ya ɗauke ta ban sani ba, ya danƙara mata jarkokin zamzam na alhazai. Uwar sifirin ɗin baya, babban ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ta tsage, motar ta karkace, taya na gugar bodi. Na nema har Jidda, babu irinta, walda kuma ba ta riƙe sifirin.

Jibi mutumin zai dawo, kuma igamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take. A gaida Inna, ku sa mu a addu'a. Idan ya tambayi wanda ya tuƙa, Yaya, me zan ce masa?

Ƙaninka,
Bala