Bindigar Baba a Mashigar Karibu

Zuwa ga Yaya Aqpik,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya sake ki. Mu nan Ambler lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa. Ɗanki Nasruk ya iso da matarsa, yana ta narkar busasshen kifi kamar ba kya ba shi abinci a Anchorage.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne. Bana garken barewar karibu ya makara, ragayar shanya nama duk wayam, gari ya yi jugum. Da aka ce an hango su, sai muka hau kwalekwale muka bi kogi muka shiga gandun daji, muka nufi mashigar da kakanninmu ke tare su. Nasruk yana so matarsa ta ga wurin, Baba kuma ya kafe sai da shi, wai mu 'yan bana bakwai me muka sani. Muka tarar da mutane a laɓe, an kashe injuna, ko tari ba mai yi. Kin sani dai, ba a taɓa na gaba sai sun haye kogi. In aka firgita su garken duka zai juya, gari ya ci hunturu ba nama. Baba ne ya koya mana haka, har kunne ya murɗe miki a kai.

Suka gangaro bakin ruwa, tsohuwar barewar da ke ja musu gaba ta tsaya tana shinshina iska. Kawai sai na ji ƙas a bayana. Ina waigawa na ga Baba ya ɗana bindiga yana auna tsohuwar barewar. Nasruk ya lallaɓa ya danne bakin bindigar, yana raɗa masa cewa Kaka, a bari su haye tukuna. Baba ya zare masa ido, ya tambaye shi da ƙarfi wai shi ɗan gidan uban wane ne da zai taɓa masa bindiga. Jikansa fa, Yaya! Tsohuwar ta ɗaga kai, ta ja da baya. Na hango Kawu Putyuk a nasa kwalekwalen ya dafe kai. Ni dai addu'a nake ta yi, har Allah ya sa ta tsunduma ruwan, saura suka bi ta.

An samu nama, kowane gida ya shanya. Ba wanda ya ɗaga maganar a gari, kuma shirun nan ya fi min zafi. Na ɓoye bindigar a wurin Kawu. Kullum da safe Baba sai ya neme ta, ni kuma in ce an kai gyara. Na gaji, kuma tsoro nake ji. Jiya ya kira ni da sunan marigayiya Inna, sannan ya tambaye ni ina Aqpik ta tsaya, wai an aike ki ɗiban ruwa kin yi zamanki.

Ki gai da maigidanki da Goggo Siikauraq. Kawu Putyuk da Nasruk suna gaishe ki. Ki zo kafin duhun hunturu ya rufe, don Allah. Sunanki bai ɓace masa ba tukuna.

Ƙanwarki,
Qaulluq