Da Murya Muka Gane Juna

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigidan da yara, ya ƙarfin jikinki? Allah ya sa kuna lafiya.

Kin tuna Malam Sani na Dosara, abokin karatuna na jami'a ta intanet, mai yi muna bayanin darasi da saƙon murya a guruf ɗinmu? Allah ya yi mashi rasuwa. Ban taɓa ganin fuskarshi ba.

Mun je ta'aziyya daga Mafara. Ranar ce ’yan ajin muka fara haɗuwa, da murya muka riƙa gane juna bisa tabarma. Duk wanda ya yi sallama sai in ɗaga kai, kamar Malam Sani zan gani.

Har yau an rasa mai iya cire lambarshi daga guruf ɗin.

Ki sa shi cikin addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Bello