Layin da Kawu Ya Soke

Zuwa ga 'yar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma muna nan yadda kika bar mu.

Littafin da kika ba direban asibitinku ya iso, shafi tamanin da huɗu. Kin ce a wata ƙasa aka rubuta shi don masu ciwon sukari su koyi kula da kansu, ofishinku kuma yana so a mayar da shi Hausa, a gyara shi ya dace da mutanenmu. Kin ce kin ba kwamitinku sunana saboda na yi shekara talatin da huɗu ina koyar da harsuna, ga shi kuma ina ɗauke da ciwon shekara goma sha ɗaya. Wato ciwon ne ya tuna musu da ni. Takardun digirina suna cikin akwati, gara ta fara cin gefensu, ba wanda ya taɓa tambayar su. To, na karɓa. Dama ba abin da nake yi tsakanin karin kumallo da azahar.

Kada ki sake cewa in kira ki a waya. Na saba da takarda.

Na fara zama da masu ciwon nan takwas da kika sa aka tara mini a ƙaramin asibitin unguwarmu, kowace Talata, a ɗakin da ake jibge tsofaffin gadaje. Ina karanta musu abin da na fassara, ina kallon fuskokinsu. Inda suka yi shiru na bari, inda suka yi dariya na soke. Na cire iyo, na cire fita yawo da kare. Inda aka ce a auna abinci a sikeli, na mayar da shi tafin hannu da ludayi.

A shafi na arba'in da ɗaya an ce ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, don haka ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum. In ba ya iya gani, ya sa abokin zamansa ya duba masa, mata ta duba wa miji, miji ya duba wa mata. Ina kai nan ɗakin ya kwashe da dariya. Akwai wani Tela a cikinsu, mai raha, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Ya ce, "Malam, shekara ashirin da bakwai ina ɓoye wa matar nan kaushin ƙafata, yau kuma in miƙa mata da kaina? Ai sai ta tara danginta su zo kallo." Wata tsohuwa mai sayar da gawayi ta ce in ta miƙa wa tsohonta ƙafa, tambayar ta zai yi ko ta fara taɓuwa ne.

Na soke layin. Na rubuta a ajiye madubi a ƙasa, kowa ya duba tasa. Ya fi mutunci.

Uwargidana, Innarki, tana gaishe ki, ko da yake ban tambaye ta ba.

Kawunki

*

Kawuna na kaina,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan jiki da sauƙi. Yaya Inna?

Na karanta wa 'yan ofis shafukan da ka aiko, har shugabarmu ta ce ita ba ta san Hausa tana da daɗi haka ba. Maganar ludayin nan ta burge kowa. Ka ga, Kawu, garar ba ta kai ga kanka ba tukuna.

Amma ina roƙon arziki a kan shafi na arba'in da ɗaya. Shekara tara ina wanke gyambon masu wannan ciwo. Yawancinsu idonsu ya yi hazo, wasu kuma ba sa iya sunkuyawa. Madubi a ƙasa ba abin da zai nuna musu sai inuwa. Dariyar da suka yi kunya ce kawai, kuma kunya takan wuce in aka yi sau ɗaya, sau biyu. Don Allah ka mayar da layin, ka sa shi cikin lafazin da ba zai ba su dariya ba. Ai kai ne gwanin wannan.

Na faɗa wa kwamiti ra'ayina, suka ce kai suka ɗauka don ka san al'adar mutane, abin da ka sa wa hannu shi za a buga. Ni ma'aikaciyar jinya ce kawai a wurinsu.

Kai fa, Kawu, wa yake duba maka taka?

Ka huta lafiya.
'Yarka

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya zo.

Ba zan mayar ba. Ke kin san gyambo, ni na san mutane. Na fassara wa ma'aikatar ilimi takardu sun fi ɗari, na kuma ga inda suka ƙare, ana ƙunshe kaya da su a kasuwa. Littafi in ya umarci magidanci da abu ɗaya da yake jin ya zubar masa da girma, sauran shafukan ma ya daina yarda da su. Gara su yi rabin abin da aka ce da su watsar da duka. Na raba musu shafin yadda na gyara shi. Tela har ya ce ya kwance madubin da masu gwada riga ke kallon kansu, yana shimfiɗa shi a ƙasa kowace safiya kafin ya buɗe shago.

Kin tambayi wa yake duba mini. Ina da madubi. Ƙafafuna sun kai shekara uku kamar na aro su ne, ina dai ganin su a ƙarshen wando. Ba sa ciwo. Ni wannan bai dame ni ba, abubuwan da suka daina ciwo a jikina suna da yawa.

Tunda kin sa baki a abin da bai shafe ki ba, bari ki sani. A watan da likita ya faɗa mini ciwon, Innarki ta ɗauki abin da zafi. Ta rage mini sukari a shayi, ta ɓoye gwangwanin, tana bi na da ƙwaya har bakin ƙofa. Wata rana ta ce kada in ƙara abinci. A gaban baƙi ne. Na ce mata, "Ke da ko firamare ba ki gama ba, ke za ki koya mini zama da jikina?" Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauke kwanon ta fita. Tun ranar ba ta sake furta kalma ɗaya a kan ciwona ba. Tana dafawa, tana ajiyewa, tana wanki. Muna gaisawa da safe. Muna maganar famfo in ya lalace. Zaman lafiya ne, ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Ga babi na biyar nan, na motsa jiki. Na sa hannu a kan shafin da kike magana.

Kawunki

*

'Yata,

Sallama. Na san mako uku ban rubuto ba. Lafiya lau nake.

Tela bai zo zama biyu a jere ba. A na uku mai gawayi ta ce an kwantar da shi a babban asibiti. Na je ranar Alhamis. Ɗaki ne mai gado goma sha biyu, fanka ɗaya ke aiki, nasa gadon na kusa da taga. An ɗora wani kwando a kan ƙafarsa, an rufa zane a kai don kada ya taɓa.

Karyayyar allura ce ta shige masa a ƙasan babban yatsa, ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Ba a san ranar da ta shiga ba, likita ya ce ta fi mako biyu. Kullum yana duba madubinsa. Ya ce yana ganin ƙafa, yana ganin yatsu biyar, sai ya sa takalmi. Matarsa ce ta ji wari. An yanke daga tsakiyar ƙafar zuwa gaba.

Da ya gan ni ya washe baki, ya ce, "Malam, ka zo duba ɗalibinka? Yanzu aikin ya ragu, rabin madubi ma ya ishe ni." Na kusa da shi suka yi dariya. Ya ce zai koya wa ta hagu taka keke, dama ta daɗe tana cin abinci a banza.

Matar tana zaune a ƙasa kan tabarma tana ɓare lemo. Ƙaramar mace ce, ba ta san ko ni wane ne ba. Ta ce da ni, "Baba, ni abin da ya tsaya mini, kullum ina gefen keken nan ina tsince masa zare. Ƙafar tana gabana. Da wani ya ce in duba, ai dubawa zan yi." Tela ya ce, "Ke dai ci gaba da ɓare lemonki." Bai kalle ni ba. Shafin yana ninke a cikin ledar magungunansa, na gane rubutuna ta bayan takardar.

Na zauna minti ashirin, na yi masa sannu, na fito. Na tsaya a bakin titi ina jiran in ji wani abu a raina. Ban ji ba. Na lura dai an sake wa ginin fenti. Na hau mota na dawo, na ci abincin rana, na gama babi na shida.

Ban rubuto don ki ba ni haƙuri ba, ban kuma rubuto don ki ce kin faɗa ba. Kin ce a riƙa sanar da ke abin da ya sami 'yan zaman, shi ne na sanar.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Tela lafiya, ya sa kaffara ne.

Ba zan ce komai a kan wancan ba. Abu biyu ne.

Ranar Litinin za a kai littafin maɗaba'a, kwafi dubu huɗu. Shafin yana nan yadda ka sa masa hannu, ba kuma za su taɓa shi ba sai da wani sa hannun naka. Direba zai biyo ta wajenka ranar Asabar da hantsi.

Na biyu, ka yafe mini, na kira Inna. Na yi ta jan ta da hira, tana ta kewaye-kewaye, sai can ta ce in tambaye ka ko takalminka na matse ka. Na ce me ya sa. Ta ce yau kwana tara tana ganin tabo a safarka ta hagu, wajen dunduniya. Da farko ɗigo ne, yanzu ya kai faɗin bakin kofi, kuma ba jini zalla ba ne. Tana wankewa, tana shanyawa, tana mayar maka cikin takalmi. Na ce, "Inna, kwana tara? Me ya hana ki gaya masa?" Ta ce, "Ni ban yi makaranta ba."

Kawu, dunduniya ba ta fitowa a madubin ƙasa sai mutum ya murɗe, kai kuma ka san idonka. Ni ina nesa, ba zan iso ba sai Laraba, Laraba kuma ta yi nisa. Mutum ɗaya ce a gidan nan take da ido. Ba za ta zo da kanta ba, kai ka hana ta.

Ina durƙusawa.
'Yarka

*

'Yata,

Sallama. Direba yana tsaye, zan taƙaita.

Ga shafin. Na rubuta: "Idonka ba ya kaiwa ga tafin ƙafarka. Ka roƙi wanda kuke kwana gida ɗaya ya duba maka kullum. In ka ji kunya, ka ji, amma ka miƙa." Na sa hannu. Za su yi dariya. Su yi.

Da safe bayan ta ajiye shayi na ce ta tsaya. Na rasa da wane suna zan kira ta, sai na ce, "Ki duba mini." Ba ta tambayi me ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tabaraunta da kujerar tsuguno, ta zauna a gabana, ta zare safar. Na kafa wa bango ido. Da shirun ya yi yawa na ce ko ta fara. Ta ce tun ɗazu ƙafar tana hannunta. Na leƙa, haka ne.

Na tambaye ta girman gyambon. Ta naɗe wurin da farin ƙyalle, ta ce kada in sa takalmi, in ɗauko katina na asibiti.

Na ɗauko. Tana neman mayafinta.

Kawunki