Shafin da Nake Yagewa Duk Wata

Malama mai wannan fili, don Allah ki taimaki tsoho da shawara. Abin da ke damuna bai kai a kai wa likita ba, amma ya fi ƙarfin in ci gaba da haɗiye shi ni kaɗai.

Shekaruna saba'in da takwas. Na yi aikin akawu shekara talatin da huɗu a ofishin ajiye takardu, ina kwafe wasiƙu da hannu tun kafin a kawo mana keken rubutu. Maiɗakina ta rasu shekara shida ke nan. 'Yata guda tana aure a nesa, tana kirana a waya duk ƙarshen mako. Matar maƙwabcina ce ke leƙo ni da rana, Allah ya saka mata. In ban da ita, nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai rediyo, ita kuwa ba ta jiran amsa. Bara na zame a banɗaki, na yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, na fito da sandar dogarawa da hannu mai rawa. Ki yi haƙuri da rubutun, da can ba haka yake ba.

A farkon shekarar nan na ce ba zan zauna ina jiran mutuwa a kujera ba. Na sayi sabon littafi, na ɗauko tsohuwar rulata, na ja layi, na rubuta ƙudurori goma sha biyu. Tattaki kullum da safe kamar yadda likita ya ce. Shan magani a kan lokaci. Rage sukari a shayi. Koyon aika saƙo a waya. Jera takardun da ke akwatin ƙarƙashin gado. Karanta shafi goma na wani littafi mai kauri da na saya ina saurayi. Har da shuka a tukunya a bakin taga, da sauransu. Kowane ƙuduri da gidansa a shafi, kowace rana in sa alama.

Ga inda matsalar take. A makarantarmu ta da, in tawada ta ɗiga a shafi, malam ba ya duba abin da ka rubuta. Yage shafin yake yi, ka sake daga farko. A ofis ma haka na tarar, takarda mai tabo ba ta hawa teburin shugaba. To ni ma in na ga gida ɗaya babu alama, ko na manta shukar ce ko ƙuguna ya hana ni fita, sai in ji shafin duka ya ɓaci. In yage shi, in jira ɗaya ga wata, domin a saninmu ba a fara aikin kirki a tsakiyar wata. Yanzu muna wata na bakwai. Mafi daɗewar da na yi kwana tara ne. Littafin ya rame kamar mai shi, shukar ma ta bushe.

Ban faɗa miki na goma sha biyu ba. A can ƙasan shafi yake, da ƙananan baƙaƙe, kuma shi kaɗai ne ba shi da gidan alama. Shi ne in je in gaida aminina mai gyaran agogo. Shekara talatin ina zama a bencin ƙofar shagonsa bayan an tashi daga aiki. Yana kirana Rula, wai ko dariya zan yi sai na ja mata layi. Ni kuma ina ce masa ban taɓa ganin mai agogon da bai san lokaci ba sai shi, domin in ya ce gobe, to ka dawo bayan wata. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, aka rufe shagon, ɗansa ya ɗauke shi zuwa gidansa can bayan gada. Na je sau ɗaya yana asibiti, ya kasa magana, ni kuma na kasa zama. Ban koma ba. Daga baya ni ma na faɗi.

Na sa shi a ƙarshe ne don ina so in je masa da ƙafata, ba sanda, in shiga ina tsokanarsa kamar da. Na ƙiyasta taku dubu biyu ne zuwa gidan. Ni kuwa iyakata kantin magani na kan kwana, taku ɗari uku. Na ce in na cika goma sha ɗayan nan zan yi ƙarfin zuwa. Makon jiya matar maƙwabcina ta haɗu da surukar aminin nawa, matar ɗansa, a kasuwa. Surukar ta ce mata maganarsa ba ta fita sosai, amma yakan tambaya ko Rula na nan da rai, kuma wannan kalmar tana fita tar. Tun da na ji haka ban iya kallon littafin ba. Ga agogon hannuna da ya saba gyara mini, ya tsaya tun watan jiya, na kasa ba wani.

Malama, ragwanci ne ke damuna ko tsufa? Yaya mutum zai riƙe ƙuduri ya ɗore? Ko dai in haƙura, in bar wa masu jini a jika?

Naki,
Tsohon Akawu

*

Baba, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Rubutunka kuwa na karanta shi ba tare da na tsaya ko sau ɗaya ba, abin da ba na samu a wasiƙun matasa.

Ba rago ba ne kai. Rago ba ya jan sabon layi sau bakwai. Kuma ba zan zagi tarbiyyar da ka taso da ita ba, ita ce ta riƙe ka shekara talatin da huɗu a aiki ba a taɓa mayar maka da takarda ba. Sai dai wancan shafin na shugaba ne, wannan kuwa naka ne, babu mai duba shi da jan biro. Ranar da ka yage shafin kwana tara, ba gida ɗaya maras alama ka zubar ba, tattakin safiya takwas ka jefa a kwandon shara. Daga yau in rana ta kuɓuce maka, ka bar gidanta haka nan, ka sa alama a na gobe. Sha bakwai ga wata ma rana ce.

Abu na biyu, taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha biyu. Na duba jerinka, na ga yawancinsu abubuwan da ya kamata ne, ɗaya ne kawai abin da zuciyarka ke so. Ka ba shuka layi biyu a wasiƙarka, ka ba amininka rabin shafi. Ƙudurin da ke ɗorewa shi ne wanda in ka bari akwai wanda zai yi kewarka. Littafi mai kauri ya jira ka shekara hamsin, zai ƙara jira. Akwatin ƙarƙashin gado ba ya tambayar ko kana raye.

Don haka ka juya shafin nan, na ƙasa ya koma sama. Ka bar uku kawai: zuwa wurin mai agogo, magani, da tattaki. Biyun na ƙarshe ma yanzu sun sami dalili, domin mai zuwa wurin wani ba ya wasa da ƙafarsa.

Na fahimci son da kake yi ka je ba sanda. Mutunci ne, ba girman kai ba, kuma ina jin akwai tsoro a ciki, tun daga ranar da ka kasa zama a asibiti. Gaskiya ce, ba mutumin bencin nan za ka tarar ba. Wataƙila maganarsa ta yi maka wuyar ganewa, wataƙila ɗayanku ya yi hawaye. Ba laifi. Amma ka tuna, mutumin da ke kwance ba zai raina mai sanda ba. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Kai da shi, Baba, rabin karin maganar na biyu ne abin tsoro.

Ga yadda za a yi. Kada ka gwada taku dubu biyu, ƙugunka bai shirya ba. Ka roƙi matar maƙwabcinka ta sanar da surukar amininka, a tsayar da rana a cikin makon nan, ka hau mota har ƙofar gida. Ka zauna rabin awa, in ka gaji ka tashi. Kafin ka fito ku tsayar da rana ɗaya a kowane mako, ta zama taku. Tattakin safe kuma ka riƙa yinsa ta wajen gadar, kana ƙara taku kaɗan gwargwadon abin da likita ya yarda. Ka faɗa wa 'yarka, don ta sami abin tambayarka a waya wanda ya wuce ko ka sha magani.

Ka tafi da agogon nan da ya tsaya. In ka rasa abin faɗa, ka ajiye shi a gabansa ka tambaye shi yaushe za a gama. Shi yana da sanin, kai kana da hannu biyu ko da suna rawa. In aikin ya ɗauke ku wata shida, ai ba yau ya fara saɓa maka alkawari ba.

Allah ya ba ku lafiya kai da shi, ya sa ka same shi a farke, ka ji sunan nan naka daga bakinsa.