Ruɓaɓɓiyar Albasa a Ƙasan Buhu

Daren Asabar, Bodinga

Na kasa cin tuwo, raina a ɓace yake.

Malaminmu na darasin kasuwanci ya ce mu tafi bibbiyu mu ziyarci ɗan kasuwa, sai na kai Nasiru, ɗan ajinmu, wurin Kawu Bello a Dandin Mahe. Mun tarar yana ware albasar da ta fara ruɓewa. Nasiru ya ce, "Baba, kada ka zubar. Sa ta ƙasan buhu, mai kyau a sama. Rage asara ke nan, haka muka karanta."

Ƙarya yake, ba wanda ya koya mana haka. Na jira Kawu ya tsawata masa, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe bokon ga na da rana!" Nan take suka hau ɗura buhuna.

Da suka shiga cin abinci, na zazzage buhunan, na watsa ruɓaɓɓun a juji. Kawu ya fito ya ce, "Kai, wa yas sa ka?"

Na ce, "Kawu, mutane za su ci."

Nasiru ya samu tsarabar albasa, ni ko sallama Kawu bai yi mini ba. Kuma ran Litinin da wannan Nasirun zan tsaya gaban aji mu ba da rahoton ziyarar.